Neman zaman dindindin a Kanada: in sayar da filin gado, ko in haƙura?

Ɗan Birni

Assalamu alaikum. Ƴan'uwa, shawara nake nema a wurin waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. Shekaruna 34, ina aikin awon jini a wani asibiti a nan Damagaram yau shekara tara, ina da mace ɗaya da yara biyu. Na ƙudurta neman takardar zaman dindindin a Kanada ta tsarin ƙwararrun ma'aikata da ake kira Entrée express, domin na ji cewa tun 2023 suna ware wa masu jin Faransanci kira nasu na daban. Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, ana son mutum ya nuna kuɗin da zai riƙe kansa da iyalinsa in ya isa, ni kuwa ba ni da wata kadara sai fili ɗaya na gado a hanyar Mirya, wanda mahaifiyata ba ta son a taɓa. Na biyu, wani mai ofishi a Yamai ya nemi miliyan ɗaya da rabi don ya haɗa mini dosiye, ya kuma ce in rubuta cewa ba ni da aure, in na zauna sai in ɗauko iyali daga baya. Shin in sayar da filin tun yanzu ko in jira sai an kira ni, kuma maganar mutumin nan tana kan hanya?

Alhajin Dole

Wa alaikumus salam. Ɗana, ni ban ga abin da zai kai mai albashi ƙasar ƙanƙara ba. Ɗan ƙanena ya yi shekara huɗu yana aikin gini a Tamanrasat, ya dawo ya tayar da gidansa a Garin Malam, bai cika takarda ko ɗaya ba.

Uwar Biyu

Ƙanena ta hanyar karatu ya tafi Kebek, kuma ga shi can lafiya lau. Ka nemi wata makaranta ta ba ka gurbi, sauran duk mai sauƙi ne da yardar Allah.

Ɗalibin Jami'a

Yaya Ɗan Birni, ka gafarce ni in sa baki ko da yake ni ne ƙarami. Hajiya, hanyar karatu dabam ce, kuma Kebek tana da nata tsarin zaɓen baƙi, Entrée express na mai niyyar zama a sauran jihohi ne. Game da tambayarka ta biyu, shawarar mutumin nan guba ce. Doka ta wajabta a rubuta mata da ƴaƴa ko da ba za su bi mutum ba, kuma wanda ya ɓoye iyalinsa ya rufe wa kansa ƙofar ɗauko su daga baya, ban da hukuncin ƙarya. Haka kuma barinsu a gida ba ya rage kuɗin da za ka nuna, domin da su ake lissafi. A jadawalin 2024 mutum ɗaya dalar Kanada 14,690 ce, mutum huɗu kuwa sun haura dala dubu 27, kuma kowace shekara ana ƙarawa. Fili ba ya shiga lissafi sai ya zama kuɗi a banki, kuɗin aro ma ba a karɓa.

Mai Kabu-kabu

Idan dalar nan irin tamu ce ta kasuwar Dole, to 14,690 ba ta kai jika saba'in da huɗu ba, gobe da safe zan sayar da babur in riga ku isa.

Malamin Lissafi

Ƙanena Ɗan Birni, da na karanta maganar mai ofishin nan sai da gabana ya faɗi, domin kusan kalmomin da aka faɗa mini ke nan a 2022, ina da shekara 38. Nawa miliyan uku ya karɓa, kashi uku. Na sayar da babura biyu da yara ke yi mini haya da su, na sayar da shanu uku da nake kiwo a wurin kawuna a wajen Tanut, uwargidana kuma ta cire ƴan kunnenta na zinariya ta miƙo mini ba tare da na roƙa ba, kuma wannan shi ne abin da har yau ba na iya tunawa in ci abinci ya zauna.

Jarrabawar Faransanci ni na zauna na rubuta da hannuna, na ci da kyau. Difilom ɗina na gaskiya ne, an aika an tantance shi. Amma mutumin ya ce wai Kanada ba ta bukatar malaman makaranta, saboda haka ya rubuta cewa na yi shekara shida ina riƙe da lissafin kuɗin wani kamfani a Yamai, kamfanin da ban taɓa taka ƙofarsa ba, ya haɗa da takardar shaida mai tambari da sa hannu. Da na nuna damuwa sai ya yi dariya, ya ce kowa haka yake yi, Turawa ba su da lokacin bincike. Shi ya buɗe akwatin saƙon da aka yi rajista da shi, shi ya riƙe kalmar sirri, ni nawa jiran waya kawai. A ƙarshen 2023 aka kira ni, muka yi walima, har na fara yi wa ɗalibaina sallama a kaikaice.

Ashe sun bincika. Sun aiko da wasiƙa suna ba ni dama in yi bayani a kan takardar aikin nan, wasiƙar ta shiga akwatin da ba ni da mabuɗinsa, wa'adi ya wuce ban sani ba. A 2024 hukunci ya fito: an ƙi dosiye, an kuma hana ni nema har shekara biyar saboda gabatar da bayanin ƙarya. Ba su tambayi wanda ya buga takardar ba, sunana ne a kai. Lokacin da hanin zai ƙare a 2029 ina da shekara 45, kuma a wannan tsari, da ake kiran mutane bisa yawan makinsu, mai shekara 45 ba ya samun maki ko ɗaya na shekaru. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, daga baya na gano cewa koyarwa a makarantar sakandare tana cikin ayyukan ƙwararru da suke karɓa, wato da gaskiyata aka rubuta da ta wadatar. Na je Yamai sau biyu, kilomita wajen ɗari tara a mota kowace tafiya, na tarar ofishin ya koma shagon sayar da wayoyi.

Uwar Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, Allah ya mayar maka da alheri, ya saka wa baiwar Allah nan da ta cire zinariyarta. Amma ba ka kai ƙara ba?

Malamin Lissafi

Hajiya, da wace shaida? Hannu da hannu na ba shi, kuma in na tsaya gaban alƙali sai na fara amsa cewa na san an yi takardar ƙarya da sunana na yi shiru.

Alhajin Dole

Miliyan uku! Malam, an cuce ka har a farashi, tunda ga shi na Ɗan Birni rabin haka ya nema. Ni kuma an ce mini akwai mai yi a jika ɗari takwas.

Na Monkton

Ina gaida kowa daga Niyu Buranzuwik. Ni na shigo a 2019 ta wannan tsari, ban ba kowa ko tamma ba, da kaina na cika komai a kwamfutar wurin aikina. Kuɗin gwamnati dala 1,040 ne ga babban mutum, jarrabawa kuma ban biya fiye da jika ɗari biyu ba. Duk wanda ya faɗa muku fiye da haka yana son cin ku ne. Sai dai Ɗan Birni ya sani cewa takardar zama ba lasisin aiki ba ce. Aikin awo a asibiti, a yawancin jihohi sai hukumar sana'ar ta tantance mutum ya kuma ci jarrabawarta. Ni injiniya ne, amma shekarata ta farko kwali na yi ta ɗauka a wani sito, ina fita cikin sanyin da ke sa gashin hanci ya daskare.

Ɗalibin Jami'a

Yaya Na Monkton, da girmamawa, farashinka ya tsufa. An ƙara a 2020, an ƙara a 2022, a watan Afrilu na 2024 ya koma dala 1,525 ga babban mutum, wato 950 na duba dosiye da 575 na haƙƙin zama, yaro kuma 260, kuma duk shekara biyu suke sake dubawa. Ga kuɗin ɗaukar zanen yatsu, dala 85 ga mutum ɗaya ko 170 ga iyali, ga na likita, ga na tantance difilom. Wani abokina da ya je Kotonu rubuta TCF, wato jarrabawar Faransanci, ya ce jika ɗari biyu da hamsin bai ishe shi ba, ban da mota da masauki.

Na Monkton

Ƙanena, kai da ko filin jirgin Yamai ba ka taɓa shiga ba, kai ne za ka gyara mini? Karatu a waya dabam, tsayawa gaban jami'in shige da fice dabam.

Ɗalibin Jami'a

Gaskiya ne ban je ko'ina ba, yaya, amma Ɗan Birni ba a 2019 zai biya ba. Ko makin da ake ba mai takardar ɗaukar aiki, wanda ƴan zamaninku ke ta ba da shawara a nema, an soke shi tun watan Maris na 2025.

Malamin Lissafi

Ku duka biyu kuna da gaskiya, amma ni da aka ƙona nake ganin na fi cancanta a saurara. Wanda ya samu yana tuna daɗin ne kawai, mai karatu kuma bai san yadda zuciya ke rufe ido ba in an nuna mata hoton biza. Ɗan Birni, in dole sai ka ɗauki mai taimako, ka tambaye shi lambar rajistarsa a hukumar masu ba da shawara kan shige da fice ta Kanada, ko shaidar cewa lauya ne a can, ka duba sunansa da idonka. Kuma kada ka yarda wani ya riƙe maka kalmar sirri, ko da ɗan ɗakinku ne.

Ɗan Birni

Na gode ƙwarai, kuma Malam, labarinka ya hana ni barci. Mai ofishin na fasa. Amma har yanzu ba a amsa mini maganar filin ba: yanzu ko sai an kira ni?

Na Monkton

Kada ka sayar sai ka rubuta jarrabawa ka ga sakamako. In ba ka kai mataki na 7 na ma'aunin harshe na Kanada a ji da magana da karatu da rubutu duka huɗu ba, zancen bai taso ba, kuma mu da muka yi lakwal da Faransanci a rubutu muke faɗuwa saboda raini. In ka ƙara da ɗan Ingilishi, makin Faransancin yana tashi daga 25 zuwa 50.

Ɗalibin Jami'a

Amma kuma kada ya jira kira, domin kwana 60 kacal ake bayarwa a miƙa komai, takardar banki kuma tana nuna matsakaicin abin da ya zauna a asusu cikin wata shida. Kuɗin da ya faɗo rana ɗaya sai an kawo hujjarsa, saboda haka a yi cinikin da takarda. Ga shi kuma kowace shekara maki biyar na shekaru ke zubewa.

Alhajin Dole

Filin nan na hanyar Mirya, kafin a kai gidan mai ne ko bayansa, kuma mita nawa ne? Tambaya ce kawai, ɗana.

Mai Kabu-kabu

Alhaji da ya ce kada a tafi, ga shi ya fara auna fili.

Malamar Asibiti

Ku bar zancen fili tukuna, domin ni ba kuɗi ne suka tsayar da ni ba, sunana ne. A takardar haihuwa mahaifina Mahamadou ne, a difilom Mahaman, a fasfo kuma Mamane, alhali mutum ɗaya ne, Allah ya jiƙansa. Masu tantance difilom suka ce takardun ba na mutum ɗaya ba ne. Wata bakwai na yi ina zarya tsakanin wani ofishi a nan da wani a Yamai, wannan ya ce wancan ne zai gyara, wancan ya ce mai sa hannu ya tafi taro, sakamakon jarrabawata kuwa, wanda shekara biyu ce rayuwarsa, yana ta tsufa a cikin jaka.

Uwar Biyu

Wannan ciwo na kowa ne. Mu da aka haifa a ƙauye ba a yi mana takarda ba sai da za mu shiga jarrabawar firamare, alƙali ya yanka mana shekara da ka, shi ya sa rabin ajinmu ranar 1 ga Janairu aka haife su. Ni a takarda na girmi yayata da shekara ɗaya.

Malamin Lissafi

Ga kuma kaziye, wato takardar shaidar rashin laifi, wanda sai mutum ya koma kotun yankin da aka haife shi, wata uku kuma ya mutu. Ni sau uku na karɓo shi, duk a banza.

Ɗan Birni

Maganar Malama ta sa na buɗe akwatin takardunmu yanzun nan. A takardar aure matata Haoua ce, a ta haihuwa Hawaou, kuma ba a rubuta mata rana ko wata ba, shekara kawai aka sa. Ɗana na fari ma an rubuta sunana a takardarsa da harafi ɗaya fiye da yadda yake a fasfona. Malama, a ƙarshe wace takarda ce suka karɓa daga hannunki, kuma daga ina aka fara?

Malamar Asibiti

Ni takardar shaidar cewa sunayen na mutum ɗaya ne aka yi mini, da shaidu biyu.

Na Monkton

Wani da muke tare a nan ya ce irin wannan ba ta wadatar masa ba, sai da kotu ta gyara takardar haihuwar kanta, sannan ya sake fasfo.

Malamar Asibiti

To, in sai an sake fasfo, ƙanena, ka fara tambayar wata nawa ake jira yanzu, domin na maƙwabciyata tun kafin azumi yake can.