Tiroyid ɗina ya yi sanyi, ƙiba ta ƙi sauka: kalori nawa zan riƙa ci a rana?

Maman Halima: Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da yamma, ya zafi? Shawararku nake nema. Shekara ɗaya da rabi ke nan da likita ya ce tiroyid ɗina, ƴar ƙwayar nan ta gaban wuya, ba ya aiki yadda ya kamata, ya ɗora ni a kan maganin Levothyrox 50. Kafin cikin autana kilo 74 nake, yanzu na kai 88. Rigunan da na ɗinka wa kaina bara duk sun matse ni a hannu. Ƙanena ya saka mini wata manhaja a waya, ta ce in riƙa cin kalori 1200 a rana, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Na daure kwana tara, a na goma jiri ya ɗebe ni ina kan keken ɗinki, sai da na dafa bango. Kuma sikeli bai motsa ba. Don Allah wadda ta san yadda ake wannan lissafi ga mai irin ciwona ta taimaka mini. Shekaruna 36, tsayina santimita 162.

Tanti Zuwaira: Wa alaikumus salam ƴata. Sannu, Allah ya ba ki lafiya. Kafin mu shiga lissafi, faɗa mini abu biyu. Yaushe rabonki da awon jini na TSH, wanda ke nuna yadda tiroyid ke aiki, kuma nawa ya nuna? Sannan yaya kike shan maganin da safe?

Maman Halima: Tanti, tun kafin azumin bara ne, ya nuna 9 da ƴan kai. Ban koma ba, kuɗin awon ne ya yi mini nauyi. Maganin kuwa ba na fashi, ina haɗa shi da ƙwayar ƙarin jini in kora da shayi da madara wajen ƙarfe bakwai.

Tanti Zuwaira: To ga bakin zaren. Na yi shekaru ina aikin jinya kafin in yi ritaya, kuma wannan kuskuren na gan shi ya fi a ƙirga. Levothyrox magani ne mai kishi, ba ya son abokin tafiya a ciki. Ana shan sa da ruwa zalla, ciki ba komai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a karya. Ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyom kuwa sai an ba da tazarar awa huɗu, don suna kama maganin a hanji su hana shi shiga jini. Madara da kofi da awara su ma suna rage shi. Ke nan kin yi shekara kina sayen magani, wani kaso yana wucewa a banza. Ki ajiye shi da kofin ruwa kusa da shimfiɗa, ki sha da kin tashi sallar asuba, kafin ki gama sallah da azkar ki shirya yara lokacin karyawa ya yi. Ta ƙarin jinin ki mayar da ita bayan azahar.

TSH ɗin kuma, galibin ɗakunan awo suna ɗaukar wajen 0.4 zuwa 4 a matsayin daidai. Tara na nufin jikin bai samu abin da yake buƙata ba a lokacin. Shi tiroyid, wannan ƴar ƙwayar da ke gaban wuya inda maƙoƙo ke fitowa, shi ke hura wutar jiki. In ya yi sanyi jiki yana ƙona abinci a hankali, yana riƙe ruwa da gishiri, ga kasala ga taurin bayan gida. Duk lissafin da za a yi miki a wannan hali zai nuna fiye da abin da jikinki ke ƙonawa. Ki gyara shan maganin, bayan sati 6 zuwa 8 ki je ki maimaita awon, ki kai wa likita ya duba ko 50 ɗin ya ishe ki. Sau da yawa 50 mafari ne kawai.

Hajiya Balki: Ni dai abin da na ji shi ne hatsi ne ke kawo maƙoƙo. Wata mai saye a wurina a kasuwar Dole ta ce ta bar fura da tuwo gaba ɗaya. Maman Halima ki gwada barin su, ki koma shinkafa da taliya. Akwai kuma wani shayin rage ƙiba da ake kawowa, mata suna yabon sa.

Tanti Zuwaira: Hajiya, maganar hatsin tana da tushe, amma ba haka take ba. An yi bincike a Darfur ta Sudan, an ga gero yana ɗauke da wani sinadari mai dakushe aikin tiroyid, musamman a wurin mutanen da kusan shi kaɗai suke ci kuma ba su samun aidin, sinadarin da tiroyid ke buƙata. Maganin wannan shi ne gishiri mai aidin a miya da sassauya abinci. Wadda take shan Levothyrox kuwa daga ƙwaya take samun sinadarin da jikinta ya kasa yi, fura ba za ta ƙwace mata shi ba. Kuma hatsin da ba a surfe shi ya yi fari fat ba ya fi farar shinkafa riƙe ciki. Shayin nan kuma ina roƙonku ku bar shi. Yawancinsu gudawa suke sawa, ruwan jiki ne ke zubewa, kitse yana nan inda yake, kuma zawo yana iya wanke maganin ma kafin ya shiga jini.

Hajiya Balki: Allah ya saka Tanti. Dama barin fura a Damagaram ai ba ƙaramin aiki ba ne. Zan faɗa wa matar.

Malama Hadiza: Barkanku. Tun da lissafi nake koyarwa, bari in ɗauki wannan ɓangaren. Ni ma ina da ciwon, shekara biyar ke nan. Hanyar da aka fi amfani da ita ana ce mata Mifflin-St Jeor, tun 1990 aka fitar da ita. Ga mace: nauyi sau 10, a ƙara tsayi sau 6.25, a cire shekaru sau 5, a sake cire 161. Namiji maimakon ya cire 161 sai ya ƙara 5.

Naki Maman Halima: 88 sau 10 ya ba da 880. 162 sau 6.25 ya ba da 1012. Jimla 1892. Cire 180 na shekaru, cire 161, saura wajen 1550. Wannan shi ne abin da jiki mai lafiyayyen tiroyid zai ƙona ko da kwance kika wuni, numfashi da bugun zuciya da ɗumin jiki kawai. Sai a ninka da yawan motsi, a samu abin da kike ƙonawa a rana. Mai yawan zama 1.2, ya ba da 1860. Mai ɗan kai-kawo 1.375, ya ba da wajen 2130. Ke kina zaune a kan keke amma kina shara da wanki da girki, don haka ina sa ki tsakani, wajen 2000.

Daga nan ake ragewa. In kin cire 400 kin sauka a 1600. Kilo ɗaya na kitse ya kai wajen kalori 7700, ke nan 400 a rana zai ba ki kilo ɗaya da rabi a wata, in komai ya tafi daidai. Kin ga 1200 ɗin da manhajar ta ba ki ya kasa ko abin da jikinki ke buƙata a kwance, shi ya sa jiri. Ita ba ta san kina da ƙarancin jini ba, ba ta san zafin Afrilu a garin nan ba.

Amma ki riƙe wannan, don ni a nan na sha wahala: 2000 ɗin nan ƙiyasi ne da aka samo daga jikin wasu mutane. Naki na gaskiya sikeli ne zai faɗa miki. Ki hau shi sau biyu ko uku a sati, da safe bayan kin zagaya, kafin ki ci komai, ki rubuta. Kada ki yanke hukunci sai bayan sati huɗu, don kwanakin al'ada kaɗai suna iya ƙara kilo ɗaya ko biyu na ruwa. In wata ya cika nauyi bai motsa ba, to abin da kike ci shi ne daidai abin da kike ƙonawa, sai ki rage 150 ko ki ƙara tafiya. Ni lissafi ya ba ni 1950, amma da na bi littafina wata biyu na gane nawa bai wuce 1800 ba.

Nana Aisha: Malama, ni tambayata, mu da muke ci a kwano ɗaya yaya za a yi mutum ya san kalorin da ya ci? Manhajojin nan ba su san dambu ko kopto ba.

Malama Hadiza: Tambaya mai kyau ƙanwata. Ni daga tukunya nake lissafawa, ba daga kwano ba. Hatsi busasshe giram 100 yana da wajen 370. Tiya ɗaya, wajen kilo biyu da rabi, ta haura 9000 ke nan. Ki san nawa ake aunawa a gidanku a rana, ki raba da masu ci, ki tuna babba ya fi yaro ci. Shinkafa dafaffiya giram 100 wajen 130, wake dafaffe ƙasa da haka kaɗan, ƙwai ɗaya wajen 75. Sannan ki samu ƙaramin kwano naki na kanki, ki ɗebi rabonki a ciki tun kafin a zauna. Rabinsa ganye, zogale ko yakuwa ko kabeji, sauran a raba tsakanin tuwo da wake ko kifi ko nama.

Inda ya ba ni mamaki shi ne mai. Babban cokali ɗaya kalori 120 ne, lita ɗaya ta haura 8000. Na sa alama da biro a jikin kwalbar man gyaɗarmu, na ga mu bakwai muna shanye lita a kwana huɗu. Wato kowa yana shan kusan 300 a rana a miya da suya ba tare da ya ji ya ƙoshi ba. Na daina tuttulawa daga kwalba, na koma aunawa da cokali, litar ta koma kai mu sati. Maigida bai ma lura ba.

Maman Halima: Innalillahi. Ni kam dambu sai na ga mai yana ƙyalli nake jin ya yi. Sukari fa?

Malama Hadiza: Ƙwaya ɗaya ta sukarin kwali wajen 20 ce. Ƙirga na shayin safe, na fura, na kunu, da shayin da ake dafawa da yamma. In sun kai goma, 200 ke nan. Lemon kwalba ɗaya wajen 140. Mai da sukari kaɗai za su iya ba ki 400 ɗin da muke nema, ba ki taɓa tuwonki ba. Gyaɗa ma a yi hattara, giram 100 ta haura 550, ga ta da saurin shiga. Alkaki kuwa a bar shi sai ranar biki.

Maman Sultan: Ina ta karantawa, bari in faɗi nawa don kada wata ta faɗa ramin da na faɗa. Da na ji cewa maganin nan yana hura wutar jiki, sai na ce bari in riƙa shan biyu maimakon ɗaya, ƙibar ta sauka da sauri. Ban faɗa wa kowa ba. Sati uku na yi. Barci ya ƙaurace mini, hannuna yana rawa in na riƙe kofi, zufa ko da dare. Wata rana ina tankaɗe na ji zuciyata tana bugawa kamar ana kiɗa a ƙirjina, na zauna a ƙasa na kasa kiran kowa. Daga Mirya aka ɗauko ni zuwa Damagaram. Likita ya ce yawan maganin yana rikita bugun zuciya kuma yana cinye ƙashi a hankali. Kilo biyun da na rage duk sun dawo. Don Allah ko TSH ya nuna sama, kada wadda ta ƙara wa kanta, a bar wa likita.

Tanti Zuwaira: Allah ya kiyaye gaba, kin kyauta da kika faɗa. Ga wata gaskiya da ba a so a ji, amma gara ku ji daga bakina. Nauyin da shi tiroyid kansa ke ƙarawa yawanci bai wuce kilo 2 zuwa 5 ba, kuma mafi yawansa ruwa ne da gishiri. In magani ya daidaita, wannan zai sauka, jikin kuma ya koma ƙona abinci kamar na kowa. Sauran kilon, Maman Halima, na haihuwa ne da zama da kasalar da ciwon ya jawo, kuma zai sauka ta hanyar da Malama ta zana. Idan kin rage da yawa, kamar kilo takwas ko goma, ki sake awo, don wani lokaci maganin yakan yi wa sabon nauyin yawa. In kuma ciki ya shiga, a ajiye rage ƙiba, a garzaya wurin likita da wuri, don mai ciki tana buƙatar ƙarin magani.

Na kusa mantawa. Zafi yana kashe ƙarfin ƙwayar nan. Kada a ajiye ta a madafa, ko a taga, ko a jakar da ke wuni a rana. A bar ta cikin takardarta, a ɗakin da ya fi sanyi, inda ba laima.

Nana Aisha: Ni abin da zan ƙara, Anti kada ki rage wake da ƙwai da nono. Su ke hana naman jiki zubewa in ana rage ci, kuma suna daɗewa a ciki. Mamanmu da hantsi fara take ci, wadda aka dafa ba a soya ba, ko ƙwai biyu da tumatir, sai ta kai azahar ba ta nemi fanke ba.

Maman Halima: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maganin nawa ma a saman firji yake kusa da murhu, yanzu na ɗauke shi. Gobe da asuba zan fara sha da ruwa zalla, kuma zan riƙa ware jika ɗaya duk sati daga kuɗin ɗinki har lokacin awon ya yi. Na rubuta 1600 a bangon littafin awon kwastomomina. Malama, tafiyar fa, minti nawa kike yi, kuma da wane lokaci a wannan zafin?

Malama Hadiza: Minti talatin, da an sallame asuba kafin rana ta fito. Da minti goma na fara, don farko ƙafafuna nauyi suke yi. Muna fita mu uku daga Birni, mu zagaya ta wajen fada mu dawo. In Garin Malam bai yi miki nisa ba, ki sha ƙwayarki ki fito, kafin mu dawo awa ɗayar ta cika sai ki karya. Asabar za ki iya?

Maman Halima: In sha Allah zan zo. Bari in nemi izinin Baban Halima yau da dare.