Allurar Sinawa: wane ciwo ne bincike ya nuna tana yi wa aiki?

Ummu_Hafsa:

Assalamu alaikum. Tambayata ga ma'aikatan lafiya na wannan zaure ce. Ana ta tallar allurar Sinawa, wato akupanca, kuma a bakin masu tallar babu abin da ba ta warkarwa: ciwon baya, ciwon gwiwa, ciwon ɓarin kai, hawan jini, suga, har rashin haihuwa. Mahaifiyarmu ta haura sittin, ciwon baya ya fi shekara biyu yana damun ta, tana kuma shan maganin hawan jini da asfirin kullum. Me binciken likitoci ya tabbatar a kan wannan allura? In za mu kai ta, me za mu duba?

Dokta_Sahel:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Mama lafiya. Ciwon baya na daga cikin abubuwan da aka fi yi wa bincike a wannan fanni, don haka akwai abin faɗa.

Babban gwajin da ake yawan komawa gare shi an yi shi ne a Jamus, aka fitar da sakamakon a 2007. Mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya aka raba gida uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko aka yi musu allurar yadda littattafan Sinawa suka tsara, a wuraren da aka sani. Kashi na biyu aka yi musu ta bogi: ana ɗan tsira allurar sama-sama a fata, a wuraren da ba sa cikin tsarin. Kashi na uku aka bar su da kulawar asibiti ta yau da kullum, wato ƙwayoyi da gashi da motsa jiki. Masu allura sun yi zama goma, kowane rabin awa, galibi sau biyu a mako. Bayan wata shida, waɗanda suka samu sauƙi a kashi na farko su ne 47.6 cikin ɗari, na biyu 44.2, na uku 27.4.

Ki dubi lambobin nan da kyau. Allura, ko wace iri, ta kusa ninka kulawar yau da kullum. Amma tsakanin ta gaske da ta bogi tazarar ba ta taka kara ta karya ba. A 2009 an maimaita irin wannan a Amurka da mutum 638, inda ta bogin ma ba allura ba ce, tsinken sakace ne a cikin ɗan bututu ake danna wa mutum a baya ba tare da an huda fata ba. Masu tsinken sakacen sun samu sauƙi daidai da masu allura, dukkansu kuma sun fi waɗanda aka bari da kulawar yau da kullum.

Wani masanin ƙididdiga mai suna Andrew Vickers da abokan aikinsa sun tattara bayanan marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya daga gwaje-gwaje masu inganci, a 2012 da kuma 2018. Na 2018 ya haɗa gwaji 39, mutum 20,827, masu ciwon baya da wuya, ciwon gaɓoɓi, ciwon kai da ciwon kafaɗa. A can ne aka ga cewa ta gaske ta ɗan fi ta bogi, fifiko na haƙiƙa amma ƙarami. Yadda suka kwatanta shi a 2012: in mutum 30 cikin ɗari ciwonsu zai ragu da rabi ba tare da allura ba, da ta bogi kusan 42 ne, da ta gaske 50.

Shi ya sa hukumomi suka rabu. Jamus ta sa inshorar lafiya ta fara biyan kuɗin allurar ga ciwon baya da na gwiwa. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a 2016 kada a ba masu ciwon baya, a 2022 ta ce haka ga ciwon gwiwa na tsufa, hujjarta ita ce ba ta fi ta bogi yadda ya kamata ba. Shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, Medicare, kuwa tun 2020 yana biyan zama 12 cikin kwana 90 ga daɗaɗɗen ciwon baya, da ƙarin 8 in an ga ci gaba. Bayanai ɗaya suke karantawa, fassara ce ta bambanta. A ganina, ga Mama, abu ne da za a iya gwadawa a matsayin ƙari, ba wai zai gyara ƙashi ko jijiyar da ta danne ba.

Malama_Fisiyo:

Dokta, na yarda da lambobinka, amma kalmar “bogi” tana iya ruɗa mai karatu. Ƙwayar bogi gari ne kawai, ba ta yin komai a jiki. Allurar da aka tsira a fata kuwa, ko a ina ne, ta taɓa jijiya. Tun shekarun 1970 aka nuna cewa in aka ba mutum naloxone, maganin da ke toshe aikin sinadaran kashe zafi da jiki ke fitarwa da kansa, sauƙin da allurar ke kawowa yana raguwa. Han Jisheng na jami'ar Beijing ya nuna cewa in aka haɗa allurar da wutar lantarki mai rauni, bugu 2 a daƙiƙa yana sa jiki ya saki wani nau'in sinadaran, bugu 100 kuma wani nau'in daban. Abin da gwaje-gwajen suka karya shi ne da'awar cewa sai an dace da wani gurbi takamaimai daga cikin 361 ɗin da aka tsara. Su kuma hanyoyin da ake cewa wani ƙarfi mai suna “ci” yana gudana a ciki, masu fiɗar jikin ɗan Adam ba su taɓa ganin su ba.

Akwai kuma abin da ke kumbura sakamakon a idon marar lafiya: ciwon baya yana hawa yana sauka, mutum kuma ba ya neman magani sai ranar da ya tsananta. Duk abin da aka yi masa a ranar, mako biyu gaba zai ce ya yi aiki.

Inda hujjar ta fi ƙarfi a wurina shi ne ciwon ɓarin kai. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta duba gwaji 22 a 2016, mutum 4,985. Waɗanda yawan tashin ciwon ya ragu musu da rabi: 41 cikin ɗari a masu allura, 17 a waɗanda ba a yi wa ba. Da aka gwada da ta bogi, 50 da 41. Rigakafi ne, ba abin da za a ruga a yi lokacin da kai ke sarawa ba. NICE ɗin da ta ƙi ta ga ciwon baya ta yarda da zama har goma cikin mako biyar zuwa takwas ga mai ciwon ɓarin kai da magungunan rigakafi irin su propranolol da topiramate ba su karɓe shi ba.

Sai tashin zuciya da amai bayan tiyata. Gurbin yana cikin hannu: ki ɗora yatsu uku daga layin wuyan hannu zuwa sama, tsakanin jijiyoyi biyun da ke fitowa in kin dunƙule hannu. Cochrane ta tara gwaji 59 a kansa a 2015, aka ga yana rage tashin zuciya, ko da dannawa ne da yatsa ba allura ba, duk da cewa ingancin yawancin gwaje-gwajen bai kai yadda ake so ba.

Gargaɗi ɗaya ga mai karanta bincike a intanet: Vickers ɗin nan ya taɓa dubawa a 1998, ya tarar duk gwajin akupanca da ya fito daga Sin, Japan, Hong Kong da Taiwan a cikin waɗanda ya tattara ya ce allurar ta yi aiki. Babu maganin da ke cin kowane gwaji. An samu gyara daga baya, kuma manyan gwaje-gwajen Sin na baya-bayan nan, kamar na 2016 a kan mutum 1,075 masu taurin bayan gida, an tsara su da kyau. Amma a riƙa duba girman gwaji da ko akwai kashin bogi a ciki.

Ummu_Hafsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To batun haihuwa da hawan jini fa? Nan ne suka fi matsa talla.

Dokta_Sahel:

Nan kam a rufe jaka. A 2018 an fitar da gwaji daga Ostiraliya da New Zealand a kan mata 848 da ake yi wa dashen ɗan tayi a asibiti. Waɗanda suka haihu: 18.3 cikin ɗari a masu allurar gaske, 17.8 a masu ta bogi. A Sin ma, 2017, mata 1,000 masu matsalar ƙwayayen mahaifa da ba sa fashewa: maganin clomiphene ya ƙara haihuwa, allura ba ta ƙara ba. Hawan jini an gwada a Boston da mutum 192, ba ta fi ta bogi ba. Barin sigari ma haka. Suga kuwa babu wata hujja mai ƙarfi da za ta sa a rage ƙwaya ko insulin. Bambancin shi ne zafi abu ne da ƙwaƙwalwa ke iya ragewa ko ƙarawa, amma ciki ko dai ya shiga ko bai shiga ba. Duk wanda ya ce Mama ta ajiye maganin hawan jininta, ku tashi ku bar wurin.

Sista_Tiyata:

Yaya Ummu Hafsa, kafin a yi maganar allura, likita ya fara duba bayan nan. Ciwon baya a mace mai shekara sittin da ke zuwa da rama, zazzaɓi, gumin dare, ko wanda ke tada ta daga barci, sai an cire zargin tarin fuka na ƙashin baya ko ciwon daji. In ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari da bayan gida sun fara kuɓucewa, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, wannan asibiti ne a ranar.

In an wuce nan, ga abin dubawa. Allurar siririya ce ƙwarai, kaurinta wajen milimita 0.2 zuwa 0.3, ba ta da rami, ba a zuba komai ta cikinta, kuma ba a fitar da jini da ita kamar ƙaho. Kowace tana cikin ledarta a rufe. A ɓare a gabanku, a jefa a kwandon ƙarfe ko roba mai murfi bayan an gama. Wanda ya fito da allurai daga kwalba ya ce ya jiƙa su a sifirit, kada ku yarda. Sifirit ba abin dogaro ba ne wajen ciwon hanta nau'in B, kuma kun san yadda yake da yawa a yankinmu. Ya wanke hannu, kuma ya ƙirga alluran da ya sa da waɗanda ya cire, don mantuwar allura a jiki tana faruwa. Akan bar su minti 20 zuwa 30. Jin nauyi ko ɗan tsami a wurin ba komai ba ne. Zafi mai harbi kamar wutar lantarki na nufin an taɓa jijiya, a faɗa a janye.

A Jamus an bi mutum 229,230 da aka yi wa allurar a hannun likitoci. Kusan 9 cikin ɗari sun samu wata 'yar matsala, mafi yawa ɗan jini ko taruwar jini ƙarƙashin fata. Biyu ne allura ta huda musu rigar huhu. Wannan ita ce babbar illar, tana faruwa in aka tsira allura tsaye da zurfi a saman kafaɗa, tsakanin haƙarƙari ko saman baya, musamman ga ramammen mutum. Alamarta ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, nan take ko bayan 'yan awanni. A wuce sashen gaggawa, a gaya musu an yi allura.

Asfirin ba ya hana a yi, sai dai ta fi saurin yin tabo, don haka a sanar da mai yin, kuma kada a dakatar da shi saboda allura. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, sai da shawarar likitansa. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ba a haɗa masa da lantarki. Mai ciki ta faɗa tun farko. Zaman farko ta ci abinci kafin ta je, a yi mata a kwance, domin wasu jiri na ɗibar su.

Kuma kada ku biya kuɗin zama ashirin a dunƙule. Ku rubuta ƙarfin ciwon daga 0 zuwa 10 kafin a fara, da minti nawa take iya tafiya ba ta zauna ba. Bayan zama shida zuwa takwas ku sake aunawa. In lambobin ba su motsa ba, a tsaya, a mai da kuɗin wajen gashi da motsa jiki a sashen fisiyo.