Ƙazuwar karen gidanmu ta ƙi jin magani, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Ina roƙon likitocin dabbobi da duk wanda ya taɓa fama da irin wannan matsala su taimaka mini da shawara.

Wata 3 ke nan karen da yake mana gadi yana susa dare da rana, har gashin gefen kunnuwansa da na gwiwoyin ƙafafunsa da na cikinsa ya zube, fatar ta yi kauri, ta yi ɓawo. Likitan da ya duba shi ya ce ƙazuwa ce, wato wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani ne suke haƙa rami cikin fata suna zuba ƙwai. An yi masa allurar Ivermectin sau 2, mako 2 tsakaninsu, ya samu sauƙi, amma bayan wata guda susar ta dawo. Maƙwabta suna ta cewa in shafa masa baƙin mai, ni kuwa na ƙi, domin dabba tana lashe jikinta.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙurajen da suka fito wa ƙaramin ɗana a hannu, kuma da dare ne ƙaiƙayin ya fi tsananta. Shin daga karen ya ɗauka? Ya kamata a yi wa kyanwar gidan magani ita ma, alhali ba ta susa? Tsohon buhun da yake kwana a kai kuma, wanke shi da ruwan zafi ya wadatar, ko ƙone shi zan yi?