Ƙaramin injin CNC a wurin aiki na taro: abin da masu harkar suka ce

CNC inji ne da kwamfuta ke sarrafawa, yana yanka da sassaƙa kaya. A tattaunawar masu harkar kan amfani da shi a wurin aikin da mutane da yawa ke tarayya, abin da aka fi nanatawa shi ne kada a bar baƙo ya taɓa injin sai an koya masa, an nuna masa maɓallin tsayawar gaggawa. Ƙananan nan, irin 3018 mai filin aiki santimita 30 da 18, katako da roba suke ci. Alminiyam sai a hankali, ƙarfe kuwa ba nasu ba ne.

An daɗe a kan karyewar baki, wato ɗan ƙarfen da ke juyawa yana yankan kayan. Yawanci ba a ɗaure kayan tamau ba, ko an manta saita tsayin farawa bayan canza baki, sai ya nutse cikin farantin da ake ɗora kayan a kai. Maganinsa a fara gudanar da aikin a sama, bakin bai taɓa komai ba. In gudun tafiyar baki cikin kayan ya yi yawa, baki ya karye. In ya yi kaɗan, ya riƙa goga yana ƙona katako. Wasu sun ce kowa ya zo da bakinsa, kuma ina ganin sun fi gaskiya, don kayan taro ba mai tausayinsa.

Tabarau dole, safar hannu a'a, injin zai iya fizgarta. Ƙurar MDF, allon da ake yi da niƙaƙƙen katako da gam, tana cutar da huhu, a kwashe ta da injin zuƙar ƙura. Kuma ba a tafiya a bar shi yana aiki.