Tambaya ga masu kallon kurket: wai da gaske ana sayar da wasa?

Sani_Sharja:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina da tambaya ga waɗanda suka san kurket sosai, don ni sabon shiga ne. Shekarata biyu ke nan a Sharja ta Daular Larabawa ina aikin gadi, ɗakinmu mu shida ne, huɗu 'yan Pakistan ɗaya ɗan Bangaladash sai ni, kuma duk wanda ya zauna da mutanen nan ya san dole wasan nan ya shiga jininka, an tashi aiki kowa ya rungume waya yana kallo, ranar hutu kuma su ja ni fili su ba ni sanda su ce in buga. A hankali har na fara gane shi na kuma fara son shi wallahi.

To shekaranjiya muna kallon wani wasa sai mai jifa ya taka layi sau biyu cikin oba ɗaya (wato zubin jifa shida), alƙali ya ɗaga hannu ya ce no-bol, wato jifar ba ta halatta ba. Ni ban ɗauke shi komai ba. Amma dattijon ɗakinmu, mutum ne mai furfura da ba ya yawan magana, sai kawai ya kife wayarsa a kan katifa ya juya fuska bango ya ce an sayar. Na ce Baba daga taka layi? Ya ce shi tun 2010 idan ya ga no-bol gabansa faɗuwa yake. Bai ƙara cewa komai ba har muka kwanta, abin ya tsaya min a rai sosai don na ga yadda ransa ya ɓaci.

Abin da ban gane ba shi ne, wasan da mutum 11 ke bugawa kowane ɓangare, wani ma kwana biyar ake yi ana abu ɗaya, ta yaya mutum ɗaya zai sayar da shi? Kuma su waye ma ke saye? Me ya faru a 2010 ɗin?

Abba_Pune:

Wa alaikumus salam Malam Sani. Dattijon naku bai yi ƙarya ba kan 2010, amma dai ba kowace no-bol ce ciniki ba, kar a ɗauki alhakin bawan Allah, masu jifa da gudu suna taka layi ko da yaushe.

Ni na yi karatu shekara huɗu a Indiya, kuma abin da na fahimta shi ne mu da muka taso da ƙwallon ƙafa idan aka ce an sayar da wasa tunaninmu yana tafiya kan sakamako ne, wa ya ci wa aka ci. A kurket ba sai an je can ba. Wasan a gutsure yake, kowace oba jifa shida ce, kowace jifa kuma abu ne mai zaman kansa da za a iya sa kuɗi a kai, maki nawa za a samu a oba goma na farko, za a fitar da mai bugu wane kafin ya kai maki 20 ko a'a, haka dai. To dillalin caca ba ya buƙatar mutum 11, mutum ɗaya ya ishe shi, ya ce masa a oba kaza ka bari a ci ka maki kaza, shi kenan, ƙungiyar ma tana iya cin wasanta lafiya lau babu wanda ya lura. Shi ya sa kama su ke da wuya.

Masu saye kuwa yawanci dillalan cacar bayan fage ne na Indiya, don a mafi yawan ƙasar caca kan wasa haramun ce a doka, sai ta koma ƙarƙashin ƙasa ana yi ta waya, babu rasit babu rajista, kuɗin kuma ba na wasa ba ne.

Na 2010 kuwa ga yadda aka yi. A watan Agusta Pakistan tana buga wasan kwana biyar da Ingila a filin Lord's da ke Landan, sai wani ɗan jaridar News of the World mai suna Mazher Mahmood ya yi shigar ɗan kasuwa ya je wa Mazhar Majeed, wakilin wasu daga cikin 'yan wasan, ya ba shi fam 150,000 yana ɗaukarsa a ɓoye da kyamara. Majeed ya faɗa masa tun kafin a fara cewa jifar farko a oba ta uku Mohammad Amir zai taka layi, jifar ƙarshe a oba ta goma kuma Mohammad Asif zai taka. Aka zo fili aka yi daidai yadda ya faɗa. Ka nemi hoton ta Amir ɗin ka gani, ƙafarsa ta wuce layin da nisa ƙwarai, har masu sharhi sai da suka yi mamaki a take. Kyaftin Salman Butt yana cikin shirin. A Fabrairun 2011 hukumar kurket ta duniya, ICC, ta dakatar da Butt shekara 10, Asif 7, Amir 5 (na Butt da Asif an jingine wani ɓangare), sannan a Nuwamba wata kotu a Landan ta ɗaure Butt wata 30, Asif shekara ɗaya, Amir wata shida, shi Majeed wata 32.

Ina Indiya ma aka yi na IPL, babbar gasar ƙungiyoyin kurket ta ƙasar, a 2013, 'yan sandan Delhi suka kama Sreesanth da wasu 'yan wasan Rajasthan Royals biyu, suka ce alamar da ya ba dillalai ita ce soke tawul a ƙugun wando kafin ya fara obar. Ranar a hostel ɗinmu babu wanda ya yi wata hira sai wannan.

Malam_Garba58:

Abba ya yi bayani mai kyau, Allah ya yi albarka. Sai dai ni zan mayar da ku baya kaɗan, don wanda ya fi girgiza mu mu da muke bin labarin wasanni a rediyo lokacin shi ne na Hansie Cronje, kyaftin ɗin Afirka ta Kudu. Yaran yanzu ba za su gane irin ƙimar mutumin nan ba, ana ganinsa mai addini mai kamun kai, idan aka ce a lissafo waɗanda ba za su taɓa yin haka ba shi za a fara kira. A Afrilun 2000 'yan sandan Delhi suka fito suka ce sun naɗi muryarsa a waya yana magana da wani dillali Sanjeev Chawla. Da farko ya musa, hukumar ƙasarsa ma ta tsaya masa tsayin daka, bayan 'yan kwanaki sai ga shi da kansa ya amsa cewa bai faɗi gaskiya ba.

Abin da har yau yake min ciwo shi ne wasan kwana biyar da suka buga da Ingila a Centurion ta Afirka ta Kudu a Janairun 2000. Ruwan sama ya cinye kwana uku, kowa ya san kunnen doki za a tashi, sai Cronje ya je wa kyaftin ɗin Ingila da shawarar kowane ɓangare ya yafe ɗaya daga cikin zagayen bugunsa biyu don a samu wanda ya ci a ranar ƙarshe. Ingila ta ci, duniya ta yi ta yabonsa ana cewa ga namiji mai son ci gaban wasa. Ashe wani ɗan caca ne ya roƙe shi, ya ba shi wajen rand 50,000 da rigar fata. Rigar fata fa jama'a.

Kuma bai tsaya kansa kaɗai ba, ya jawo na ƙasa da shi, ya yi wa Herschelle Gibbs tayin dala 15,000 idan ya fita kafin maki 20 a wani wasa a Indiya. Gibbs ya amsa, da ya shiga fili kuma sai ya buga 74, duk da haka an dakatar da shi wata shida. Shi Cronje aka hana shi kurket har abada, a 2002 ya rasu a haɗarin jirgin sama yana da shekara 32. A shekarar 2000 ɗin nan dai aka yanke wa Azharuddin na Indiya da Saleem Malik na Pakistan irin wannan hukunci, duk tsofaffin kyaftin, ko da yake daga baya kotunan ƙasashensu sun ɗage. A lokacin ne ICC ta kafa sashen yaƙi da maguɗi ta ɗauko tsohon shugaban 'yan sandan Landan Paul Condon ta ɗora shi a kai.

Kar kuma a ce abin na Asiya ne kawai. Shane Warne da Mark Waugh na Ostireliya sun karɓi kuɗi a 1994 hannun wani dillali don su riƙa ba shi labarin yanayin fili da na sama, hukumarsu ta ci su tara a ɓoye ta rufe maganar, sai 1998 asiri ya tonu.

Maman_Sadiya:

Ni dai gaskiya na Amir ne ke sa ni tausayi duk sanda aka tada zancen. Shekararsa 18 fa lokacin, yaro ɗan ƙauye daga gidan talakawa, kyaftin ɗinsa da yake gani kamar yayansa ne ya sa shi a gaba, a irin tarbiyyarsu da ma tamu yaro yana iya kallon idon babba ya ce ba zan yi ba? Ina da ɗa sa'ansa a gida yanzu haka, wallahi idan na kalle shi sai in ga ko kuɗin cefane ban gama yarda in damƙa masa ba balle a ce ya tsaya gaban irin waɗannan mutanen shi kaɗai a ƙasar da ba tasa ba.

Su kuma masu kuɗin da suke ƙulla abin suna ina? Shi Chawla da Malam ya ambata sai 2020 aka iya dawo da shi Indiya daga Ingila, shekara 20 bayan abin. 'Yan wasa ake gani a talabijin ana tsinewa, dillali kuwa sai ya canza layin waya ya nemi wani yaron.

Kuma mu ma da hannunmu a ciki, don kuɗin nan daga aljihun talaka suke fitowa. Ƙanena ya sayar da babur ɗinsa na acaɓa saboda bet, har da wasannin da bai san dokarsu ba yake sa kuɗi, ranar da ya zo yana faɗa min hannunsa rawa yake ya kasa riƙe kofin ruwa.

Abba_Pune:

Hajiya Allah ya shirya mana shi ya mayar masa da alheri. Na yarda Amir yaro ne kuma shi ya amsa laifinsa a kotu ba kamar Butt da Asif da suka yi ta musu ba, amma fa an karantar da su dokar, duk ɗan wasan da ya shigo matakin ƙasa da ƙasa ana zaunar da shi a gaya masa idan wani ya tunkare ka ka kai rahoto. Rashin kai rahoton ma laifi ne shi kaɗai, Shakib Al Hasan na Bangaladash bai sayar da komai ba, saƙonnin dillali kawai ya samu ya yi shiru, a 2019 aka dakatar da shi shekara biyu, ɗaya a jingine. Malam Sani ka tambayi ɗan Bangaladash ɗin ɗakinku zai ba ka labari. Amir dai ya gama hukuncinsa ya dawo, a wasan ƙarshe na gasar Champions Trophy ta 2017 shi ya fitar da manyan 'yan wasan Indiya Rohit Sharma da Kohli da Dhawan, Pakistan ta ɗauki kofi, amma har yau akwai 'yan ƙasarsu da ba su yafe masa ba.

KociBala:

Ni ina koya wa yaran sakandare kurket da yamma, don haka maganar nan ta taɓa ni kai tsaye. Wanda nake so ku duba shi ne Brendan Taylor na Zimbabuwe, don halin da ya shiga ya fi kama da namu. Da bakinsa ya bayar da labari cewa a 2019 wani ɗan kasuwa ya gayyace shi Indiya wai za a tattauna tallafi da kafa sabuwar gasa, a lokacin ya ce sun yi wata shida ba a biya su albashi ba. Aka yi liyafa aka miƙo masa hodar iblis ya sha, washegari mutanen suka shigo masa ɗakin otal da bidiyonsa suka ce ko ya yi musu aiki ko su sake shi duniya ta gani, suka damƙa masa dala 15,000 kafin alƙalami. Ya ce bai taɓa yi musu aikin ba, amma sai bayan wata huɗu ya kai rahoto saboda tsoro, aka dakatar da shi shekara uku da rabi. Ka ga ba da maganar sayar da wasa suke fara zuwa ba, da abota suke zuwa, da kyautar waya, da bari in biya maka kuɗin jirgi.

Yaranmu na Najeriya kuma sun fara fita duniya, 'yan maza 'yan ƙasa da 19 sun je gasar duniya a 2020, 'yan matanmu kuma a Janairun 2025 suka doke New Zealand a Malesiya, na yi murna ranar har da hawaye. Amma da zarar ana haska wasanka a intanet to akwai mai sa kuɗi a kai a wani wuri, kuma yaron da ko takalmin wasa aro yake dala 500 dukiya ce a wurinsa. Mu da muka ga abin da ya faru a Bauci a 2013, inda aka tashi 79 da nema da 67 da nema a wasannin neman hawa rukuni na ƙwallon ƙafa, ba ma ce abin ya yi mana nisa ba. Siri Lanka tun 2019 ta mayar da shi laifin ɗauri a dokar ƙasa. Ni dai abin da nake iyawa shi ne duk ranar Asabar kafin mu fara atisaye sai na zaunar da su a inuwa na ce duk baƙon da ya turo muku saƙo yana tambayar wa zai buga gobe ko ya filin yake, ku kawo min wayar in gani.

Sani_Sharja:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, Malam Garba Allah ya ƙara girma. Jiya da daddare na zauna da dattijon namu na ce masa na ji labarin Lord's, sai ya daɗe bai ce komai ba sannan ya ce a watan da abin ya faru ambaliya ta cinye garuruwa da yawa a ƙasarsu Pakistan har da gonar mahaifinsa, shi yana nan yana aiki ba halin komawa, wasan nan ne kaɗai yake kallo ya ɗan samu sanyi a ransa, sai ga labari ya fito. Ya ce Amir kamar ɗansa yake ganinsa a lokacin, har hotonsa ya liƙa a jikin akwatinsa. Ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado ya nuna min, wurin da ya ɓanɓare hoton har yanzu da sauran gam a jiki.