Yadda Ake Haɗa Filogin Batir a Mota Mai Rimot

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum. Ina harhaɗa mota mai rimot, kuma ina son batirin LiPo (wani irin batirin lithium mai caji) ya riƙa ciruwa domin caji maimakon a liƙe wayoyinsa da dalma dindindin. Wane filogi ya dace?

Malam na Runjin Sambo: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Nemi XT60, wanda aka ƙera domin ɗaukar amfiya 60, ka sa macen filogin (wato rabin da ke da ramuka) a ɓangaren batir, saboda ƙarafunta a ɓoye suke, ba za su taɓa juna ba ko da batirin yana cikin jaka tare da makullai. Kada ka yanke jar waya da baƙa lokaci guda. Ka gama ɗaya, ka rufe ta da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, sannan ka taɓa ɗayar, domin LiPo yana kama wuta idan wayoyin suka haɗu.

Mai gyaran rediyo, Arkilla: Malam ya yi gaskiya. Ka kuma cusa namijin filogin (rabin da ke da tsinkayen ƙarfe) cikin macen kafin ka ɗora dalma, domin kada robar ta yi laushi ƙarfen ya karkace. A lokacin hunturu, ƙurar Sakkwato tana cika ramukan filogin, saboda haka ka riƙa busa su kafin haɗawa.