Art Blakey: da wane faifai za a fara, kuma yaya yake wannan kiɗan nasa?

Sabon_Ɗalibi: Assalamu alaikum manya. Faya-fayan Art Blakey, makaɗin gangar jazz ɗan Amurka, suna da yawa. Mai son fahimtar hannunsa a kan ganga, wanne ya kamata ya fara saurara? Sannan wannan rugugin da yake yi kafin mai ƙaho ya shigo, yaya ake fitar da shi?

Mai_Faifai: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da A Night at Birdland, wanda kamfanin Blue Note ya ɗauka a gaban jama'a a New York cikin Fabrairun 1954, da Clifford Brown a kan ƙaho da Horace Silver a fiyano. Sai Moanin' na 1958, da injiniyan sauti Rudy Van Gelder ya naɗa a garin Hackensack na Amurka. A nan gangunan suka fito tsaf, kowane bugu kana jin sa daban. Free for All na 1964 ka bar shi sai kunnenka ya saba, don zafinsa kan ruɗa sabon shiga.

Tsohon_Makaɗi: Rugugin nan a ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasa ake yin sa. Kana danna kan sanda a fata ta yi tsalle sau da yawa a bugu ɗaya, dama da hagu bi da bi, har sautin ya haɗe ba rata. Fara a hankali daga gefen fatar, kana ƙara ƙarfi kana matsowa tsakiya, ka sauke a kan faifan ƙarfe tare da babbar ganga daidai bugun farko. Inda ake ɓatawa: in ka damƙe sanda da ƙarfi, tsallen ya mutu. In wayoyin sun ɗaure da yawa, sautin ya shaƙe. Mafi yawa kuma ƙafar hagu ce ke tsayawa, alhali Blakey ba ya barin taka hai-hat, wato faya-fayan ƙarfe biyu da ake haɗawa da ƙafa, a bugu na 2 da na 4.

Mai_Faifai: Gaskiya ne Malam. Yakan kuma danna fata da gwiwar hannu don sauya amo. Mai son jin sa da makaɗan Afirka ya nemi The African Beat na 1962, akwai Solomon Ilori ɗan Najeriya a ciki. Blakey ya musulunta, shi ya sa za ka ga sunan Abdullah Ibn Buhaina. An haife shi a Pittsburgh a 1919, ya rasu a 1990.